Koren Ɗigo

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo wai na ɓace kwana uku, na gani, na kuma ji. Batirin wayata ne ya kumbura, ni mai ba ku labarin batir. Ku yi dariyarku ku gama. Masu zagin Rachael kuma ku ɗan sassauta, yau za ta haɗu da abin da ya fi zaginku ciwo.

*

Ranar Laraba ce, ba coci ba biki, amma Rachael Kolo ta shigo shago da sabuwar atamfa har da ɗan kunne. Moses, wanda teburinsa ke bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya yi fito.

"Anti, yau auren waye?"

"Ka kula da dalmarka kafin ta ƙona ka."

Ba ta gaya masa ba, amma kowa a shagon Baba Ndaceko ya san dalilin kwalliyar. Yau za a faɗi wanda zai riƙe sabon reshen da za a buɗe a unguwar Shango. Shekara goma sha ɗaya Rachael ta yi a wannan shago na Tunga tana haɗa batirin sola, ƙwaya bayan ƙwaya, har yatsunta suka daina jin zafin dalma. A ganinta, ba ma abin tambaya ba ne. Sai dai ƙungiyar da ta ba Baba aikin sa sola a shagunan Shango ta ce ita ba ruwanta da yawan shekaru, a kawo mata hujja a rubuce cewa wannan hannu ya fi wancan. Shi ya sa Baba ya kwashi rajistar batura ta shekara uku ya kai wa Malam Ɗayyabu, ɗan maƙwabcinsa mai digiri na biyu a ƙididdiga.

Rachael ba ta tsoron rajista, domin ita take rubuta ta.

"Anti, sannu da zuwa. Kaya ya yi miki kyau."

Shekinah Zamani ce daga teburin ƙarshe, da muryarta mai sanyi wadda Rachael ta tsani jinta da safe.

"Yauwa," kawai ta ce, ba ta ko juya ba.

Abin haushin, ita da kanta ta kawo yarinyar. A ƙungiyar mawaƙan coci ta gan ta shekara uku da suka wuce, ba aiki, iyayenta sun taso daga kudancin Kaduna ba su daɗe a Minna ba. Ita ta riƙo hannunta har gaban Baba, ita ta koya mata riƙe ƙarfen dalma. Wata shida kacal, Baba ya ɗaga batirin Shekinah a gaban masu saye ya ce, "Ku ga hannu kamar na likita!" Rachael kuwa, iyakar abin da ya taɓa ce mata tun zuwanta shi ne "ba laifi". Tun ranar kishi ya shige ta, kuma bai fita ba har yau.

Ƙarfe goma keke ya sauke Malam Ɗayyabu da kwamfutarsa a hammata. Baba ya fito da carbi a hannu ya sa aka janye kwalaye daga babban tebur.

"To, Malam, bismillah. Ka yi mana da Hausa, ban da turancin nan naku."

Ɗayyabu ya yi murmushi ya buɗe kwamfuta.

"Baba, abin da ya sauƙaƙa mini aiki shi ne wannan al'ada taku ta ɗigo. Duk batirin da ya fita shagon nan, akwai ɗigon jan farce a gindinsa. Ja na Anti Rachael, kore na Shekinah, fari na Moses. Kuma rajista ta nuna inda aka kai shi da watan da ƙarfinsa ya faɗi."

"Haka ne. Rachael ce ke gwajin ƙarshe, ita ke ɗigawa, ita ke rubutawa."

"To ga lissafin farko, irin wanda kowa zai yi. A tara watannin da batiran kowa suka yi, a raba. Ja, wata ashirin da shida. Fari, ashirin da ɗaya. Kore, sha takwas."

Moses ya ce, "Kai!"

Rachael ta gyara zaman ɗankwalinta. Ta so ta kalli fuskar Shekinah, ta daure don kada a ga daɗin da ke kan tata.

Ku da kuke tare da mu tun farko kun san inda sha takwas ɗin nan ya fito. Wanda ya shigo yau, matso ka ji. Akwai mata masu sana'ar ƙanƙara a Tudun Fulani, masu firiza biyu uku a ɗaki mai kwano, rana na dukan ɗakin, firiza na zuƙar wuta ba hutu. Batirin da ya shiga can ba ya tsufa, mutuwa yake yi. Shekara biyu da rabi ke nan, duk odar da ta zo daga wajensu Rachael ce ke haɗa ta da kanta, ta rufe da baƙar roba, sannan in ba kowa a kusa ta ɗauko koriyar kwalba ta ɗiga. Batir arba'in da ɗaya. Kowanne ya dawo a mace, Shekinah ce ta sha faɗan.

"Shi ke nan ai," in ji Rachael, tana ƙoƙarin saisaita murya. "Malam ya gama."

"A'a, Anti, yanzu na fara."

Ta kalle shi.

"Wancan lissafin ƙarya yake yi, ko da yake ba da gangan ba. Baba, kai manomin doya ne kafin ka zama mai batir, ko?"

"Har yanzu ina da gona."

"In na ba mutum biyu iri ɗaya, wannan ya shuka a fadama, wancan a kan tsakuwa, na zo na auna doyarsu, na ce na fadama ya fi iya noma, na yi adalci?"

Baba ya tsayar da carbinsa. "Ba ka yi ba."

"To haka batir yake. Ba a sarari yake zaune ba. Batir yana cikin gida, gida yana cikin unguwa. Hawa-hawa ne. Wani laifin na batirin ne shi kaɗai, wani na gidan ne, irin nauyin da ake ɗora masa, wani na unguwar ne, zafi da yawan ɗauke wuta. Shi lissafi mai hawa-hawa, kowane hawa yana ba shi rabonsa na laifi. Abin da ya rage bayan an cire na gida an cire na unguwa, shi ne na hannun da ya haɗa."

"Malam," Rachael ta katse shi, "batir batir ne. Wanda ya mutu ya mutu."

"Amma a ina ya mutu, Anti? Duba nan."

Ya juyo da kwamfutar. Ɗigo-ɗigo ne birjik, ja da fari da kore.

"Jajayen nan kusan duk a gidajen ma'aikata suke, fitila huɗu, fanka, talabijin. A irin wannan gida, ko ni na haɗa batir zai yi shekara biyu. Can ba a gane hannu. Ja, fari, kore, duk kusan ɗaya suke."

Moses ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga fuskar Rachael, ya haɗiye sauran.

"Inda ake gane hannu shi ne wajen masu ƙanƙara. Da can, fararen Moses da na wani da ya bar aiki, wata takwas, in ya yi ƙoƙari tara. Amma tun da koraye suka fara shiga Tudun Fulani," ya sa yatsa a kan allon, "wata sha shida. Sha bakwai. Akwai na wata Mama Theresa da ya kai sha tara."



"Na yi zaton sa'a ce," Ɗayyabu ya ci gaba. "Shi wannan lissafin ba ya saurin yarda. In batir uku ne ko huɗu, zai ja su baya ya ce wataƙila dace ne. Amma arba'in da ɗaya, a gida goma sha uku daban-daban? Ba dace ba ne, Baba. Duk wanda ya haɗa waɗannan, shi ne gwanin shagon nan, kuma da tazara mai yawa."

Rachael ta ji kamar an zare mata kujera.

Wata sha tara! Batirinta ne. Ta tuna ranar da ta haɗa shi, ana ruwa, ta zauna kusan awa uku tana auna ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya don ta haɗa masu ƙarfi ɗaya wuri ɗaya. Ta so a ce batiran sun mutu da wuri, wannan gaskiya ne. Amma duk lokacin da ta zauna a tebur, hannunta ya ƙi yin mugun aiki. Ta san matan nan, wasu tare suke zuwa kasuwa, ba za ta iya aika musu shara ba. Sai ta riƙa ce wa kanta firiza za ta yi mata aikin kisan. Firiza kuwa ta yi, sai dai ta makara.

Baba ya miƙe tsaye a hankali. Idonsa ya kawo ruwa.

"Shekinah."

"Na'am, Baba."

"Zo nan, 'yata."

Ta taso ta durƙusa.

"Fiye da shekara guda ina yi miki faɗa. Har babanki na kira na ce in ba ki gyara ba ya zo ya ɗauke ki. Ashe ke ce ke ɗauke da shagon nan a ka, ni ban sani ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Baba."

"Shango taki ce."

Moses ya fara tafi. Ɗayyabu ya taya shi. Rachael ma ta haɗa tafin hannunta sau biyu, ba ƙara. Kishi ya taso mata, mai ɗaci, wanda bai taɓa kai haka ba. Da yarinyar ta fi ta ne da gaske, da ta san yadda za ta haɗiye. Amma wannan guminta ne ake yi wa tafi, Baba na hawaye a kan aikin hannunta, yana kiran sunan wata. Kalmar da ta jira shekara goma sha ɗaya ta fito daga bakinsa yau, ta wuce ta gefenta.

"Rachael, ba ki ce komai ba," in ji Baba.

"Na taya ta murna."

"Ai ɗalibarki ce. Abin alfaharinki ne."

"Bari in wanke hannu, Baba."

Ta fita ta ƙofar baya.

*

A bayan shago akwai famfo da bishiyar mangwaro. Rachael ta buɗe famfon ta tsaya tana kallon ruwa na zuba, ba ta sa hannu ba. Zafin rana ya sa sabuwar atamfar ta manne mata a baya.

Ta ji taku. Ba sai ta juya ba.

"Anti, ruwa yana zuba banza."

"Ki koma ki karɓi tafinki."

Shekinah ta miƙa hannu ta rufe famfon.

"Anti, ni ban taba hada batir na masu kankara ba. Ko daya."

Rachael ta juyo da sauri. "Me kike nufi?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Ke, ki iya bakinki! Ni kike wa wannan magana? Ni da na ɗauko ki ba ki san ja da baƙin waya ba?"

"Shi ya sa na yi shiru."

Muryar ba ta ɗaga ba. Rachael ta so a ce ihu yarinyar ta yi, da ta san abin yi.

"Tun yaushe?" ta tambaya a ƙarshe.

"Tun bara, lokacin Ista. Ranar da Baba ya kira babana. Na tafi gida na yi kuka, na ce wane irin batir ne ni nake hadawa da ba na tuna shi? Washegari na dauki daya cikin wanda aka dawo da shi, na yanka roba. Na ga roban tub na taya an yanka kanana-kanana, an sa tsakanin kwaya da kwaya don iska ya wuce. Ni ba a koya mini wannan ba, Anti. Kin koya mini komai, ban da wannan."

Rachael ta kau da kai.

"Na ga kuma kullin waya. Ya juya baya."

Nan ne Rachael ta san asirinta ya tonu. Bahaguwa aka haife ta. Kakarta ta yi ta bugun hannun da muciya har ta koma ci da dama, rubutu da dama, miƙa kaya da dama. Ƙarfen dalma ma da dama take riƙewa. Abu ɗaya ne hannun hagun ya ƙi saki: ƙullin da ake yi wa waya kafin a rufe batir. In ta zo nan, hagu ke karɓa, ƙullin ya kwanta ta ɗaya gefen. A ƙarƙashin baƙar roba yake, ba mai gani, shi ya sa ba ta taɓa damuwa ba.

"Kin sani shekara guda, kika bar Baba yana zaginki?"

"In na fada, za a kore ki. Mamana ya ce, wanda ya kawo ki aiki, kar ki zama dalilin da zai rasa nasa. Na ce to. Kullum ina gaishe ki, kullum kina amsa da hanci."

"To yanzu me kike so? In durƙusa?"

"Ba na so komai."

"Ƙarya kike! Je ki gaya masa mana. Je ki ce Rachael ce!"

"Ni ba zan fada ba."

"Don me?"

Shekinah ta ɗago ta kalle ta ido cikin ido, karo na farko a shekara uku.

"Don ina so Shango, Anti."

Ba ta jira amsar Rachael ba, ta ci gaba.

"Fadan na sha shi, ko? Sau arba'in da daya. Babana ya tsaya a gaban Baba kamar mai laifi, da hula a hannu. Lokacin da digon yana kawo zagi, nawa ne. Yanzu da ya kawo alheri, ya zama naki? Abeg, Anti. Ke kika diga shi da hannunki. Ban roke ki ba."

"Ba ki iya aikin ba! Wata takwas za su fara mutuwa a Shango, a gane ki!"

"Na iya. Tun ranar da na yanka roban nan nake koya a gida. Kwaya nawa na auna, ke ba ki sani ba. Ban kai ki ba, na yarda. Amma zan kai."

"Ni fa? Shekara goma sha ɗaya fa?"

"Kofa a bude yake. Shiga ki gaya wa Baba da bakinki: batiran nawa ne, ni na sa mata kore don a kore ta. In kin iya fada, Shango naki ne, ni ba zan yi musu ba."

Ta juya za ta tafi, ta tsaya.

"In ba ki iya ba, ki zo Shango ki taya ni. Zan rike ki da mutunci."

Wannan ce ta fi ƙona Rachael. Ta taya ta! Ita, Rachael Kolo, ta zauna a teburin ƙarshe tana jiran yarinyar da ta koya wa riƙe filaya ta duba mata aiki. Ta ji hawaye na zuwa, ta danne su da ƙarfi, don ba za ta koma ciki da jan ido a ce baƙin ciki take yi ba, alhali kuwa shi take yi.

Hanya biyu ce a gabanta, kowacce da ƙaya. In ta yi shiru, ta rasa Shango, ta rasa yabon da yake nata. In ta yi magana, Baba zai san cewa wadda ya ba amanar rajista da kwalaben ɗigo ita ce ta yi fiye da shekara biyu tana haƙa wa ƙaramar yarinya rami. Ta san Baba. Yana yafe ƙona ƙwaya, yana yafe makara, amma bai taɓa yafe ha'inci ba.

"Rachael! Shekinah!" muryar Baba ta taso daga ciki. "Ku zo mana!"

*

Sun tarar an ɗora wani batir a tsakiyar tebur, ƙura a jikinsa, koren ɗigo a gindi.

"Na Mama Theresa ne, mai wata sha tara," in ji Baba, fuskarsa cike da fara'a. "Malam ya ce wani abu da ya tsaya mini a rai. Malam, maimaita."

Ɗayyabu ya gyara tabarau.

"Ba wani abu ba ne babba. Korayen ne suka rabu gida biyu. Na gidajen ma'aikata hannu ne mai kyau, daidai da na kowa. Na masu ƙanƙara kuwa wani abu ne daban, ko a wata shidan farko ƙarfinsu ba ya sauka kamar sauran. Da ban ga launi ɗaya ba, da na ce mutum biyu ne. Lissafi yana nuna mini akwai bambanci, amma ba ya gaya mini dalili. Dalilin yana cikin batirin."

"Ka ji," in ji Baba. "Wato akwai wata dabara da take yi wa na masu ƙanƙara. To, ba za ta tafi Shango da ita ita kaɗai ba. Yau za ta koya wa kowa. Moses, miƙo reza. Rachael, matso kusa, babba ma yana koyo."

Moses ya miƙa. Rachael ta matso.

"Baba," Shekinah ta ce da sauri, "a bari gobe mana. Akwai oda da yawa."

"Oda ta jira."

Ya sa reza ya tsaga baƙar robar tun daga sama har ƙasa, ya buɗe ta gefe biyu. Ƙwayoyin suka bayyana a jere, tsaf, kowace da ɗan yankin robar tub tsakaninta da 'yar'uwarta.

"Allahu akbar," in ji Baba a hankali. "Kun gani? Ta bar musu wurin numfashi. Dubi dalma, ko ɗigo bai zuba ba. Moses, buɗe idonka."

Ya bi jeren da yatsa yana jinjina kai, yana murmushi. Ya bi jan waya har ƙarshenta.

Yatsan ya tsaya.

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya janye. Baba ya ciro tabarau daga aljihu ya saka, ya sunkuya har gemunsa na taɓa batirin. Ya juya ƙullin da farce. Ya sake juya shi.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi ya zauna kusa da wata yarinya 'yar shekara ashirin yana koya mata wannan ƙulli. Sau goma yana gyara mata, sau goma yana fitowa a juye. Daga ƙarshe ya yi dariya ya ce ta bar shi haka, ai yana riƙewa.

Bai kalli kowa ba. Ya jawo naɗin waya, ya yanka guda biyu daidai tsawo. Ya ajiye ɗaya a gaban Shekinah. Ya ajiye ɗaya a gaban Rachael.

"Baba, lafiya?" in ji Ɗayyabu.

"Lafiya lau. Ina so in ga ƙulli ne. Kowace ta ƙulla mini."

Shekinah ta ɗauki tata, ta ƙulla ta ajiye. Ƙulli ne mai kyau, irin na kowa.

Saura Rachael.

Ta kalli wayar. Ta iya da dama in ta natsu, ta taɓa gwadawa. In ta ƙulla da dama, ƙullin zai fito kamar na Shekinah, Baba zai ce tsufa ne ya sa idonsa gizo, a tashi taro, ta tsira da aikinta da sunanta. Shekinah ta tafi Shango da wata sha tara. Har abada ba wanda zai san wa ya haɗa batirin da ya sa Baba hawaye.

Da dama, ta ce wa kanta. Da dama, Rachael.

Ta kalli jeren ƙwayoyin nan, aikin awa uku ranar da ake ruwa, koren ɗigo a gindinsa.

"Muna jira," in ji Baba.

Ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Ta dai ji Moses ya ja numfashi, ta ji Shekinah ta ce "Anti..." can ƙasa-ƙasa. Da ta sauke ido, hannun damanta na nan a kan tebur inda ta ajiye shi, bai motsa ba.

Wayar tana hannun hagunta, a ƙulle, ƙullin ya kwanta ta ɗaya gefen.

Baba ya ɗauka. Ya ɗora shi kusa da na cikin batirin. Ya daɗe yana kallon su biyun.

Sannan ya cire tabarau, ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba:

"Wannan shi ne aiki mafi kyau da aka taɓa yi a shagona, Rachael."

Hawayen da ta danne a bakin famfo suka zubo.

"Yanzu ɗauko mini koriyar kwalbar nan," in ji Baba, "ki gaya mini wa ya ɗiga."